Ruwan da muke sha a Winnipeg daga ƙasar wasu yake zuwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan rahoton da kuka kawo game da ranar 30 ga Satumba, wadda Kanada ta keɓe don tunawa da yaran 'yan asalin ƙasa, kusan 150,000, da aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana na gwamnati da coci, aka hana su harshensu. Kun yi ƙoƙari, sai dai ba ku taɓo maganar ƙasar da aka karɓe musu ba.

Shekarata huɗu a birnin Winnipeg na Kanada. Kusan duk taron da ka je, kafin a fara sai wani ya tashi ya ce muna zaune ne a ƙasar Yarjejeniya ta Ɗaya da aka ƙulla tsakanin gwamnati da 'yan asalin ƙasa a 1871, ƙasar al'ummomin Anishinaabe da Cree da Metis, kuma ruwan shanmu daga tafkin Shoal Lake yake zuwa. Da fari na ɗauka gaisuwar buɗe taro ce kawai, har sai da na bi diddigin labarin ruwan.

Don a jawo wa birnin ruwa, an karɓe wani yanki na ƙasar mutanen Shoal Lake 40, wata al'ummar 'yan asalin ƙasa da ke bakin tafkin, aka haƙa mashigi da ya yanke garinsu daga tudu, ya zama tsibiri. A 1919 ruwan ya fara isowa Winnipeg. Su kuwa masu tafkin, da rani sai su hau kwalekwale ko jirgin fito, da hunturu su taka ƙanƙara, wani lokacin ta fashe da mutum. Akwai waɗanda suka rasu a haka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne daga 1997 har 2021, shekara 24 cur, ba a yarda su sha ruwan garinsu ba sai an tafasa, sai dai a kawo musu na gora, alhali mu a birni famfo kawai muke murɗawa. Sai a 2019 aka buɗe musu hanyar mota, suka raɗa mata suna Hanyar 'Yanci.

Tun da na san wannan, ko alwala zan yi sai na tuna su.

Ban raina kalmomin da ake faɗa a taro ba, domin su ne suka fara buɗe mini ido. Amma Neskantaga, wani garin 'yan asalin ƙasa da ke lardin Ontariyo, tun 1995 aka umarce su da tafasa ruwa, kuma hukumar gaskiya da sulhu, wadda ta binciki batun makarantun kwanan nan, ta miƙa shawarwari 94 tun 2015, da yawansu har yau suna jiran aiki.

Don Allah, Malam Edita, in shekara ta zagayo ku nemi mutanen nan ku ji daga bakinsu. 'Yan uwanmu da ke ta shirin zuwa Kanada karatu ko aiki su san ƙasar wa za su sauka.

Naka,
Mai bibiyar shafinku daga Winnipeg, Kanada