Zuwa ga mutumina na Dammam, kan hannun jarin da ka tambaya

Assalamu alaikum mutumina,

Ya aiki, ya uwargida da yara? Mu nan Jidda lafiya lau, sai gumin bakin teku da ka sani. Na saurari saƙonka kan kamfanin nan mai dafa wa alhazai abinci da ake ta yayatawa a guruf ɗinku wai hannun jarinsa zai ninka kafin Hajji, shi ne na ce bari in rubuto, don a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

Ka fara duba a wace kasuwa yake. In babbar kasuwar Tadawul ce, wato kasuwar hannun jarin Saudiyya, da iƙamarka, katin izinin zamanka, za ka buɗe mahfaza, wato asusun hannun jari, a banki ka saya, amma ƙananan kamfanoni da yawa a Nomu suke, ƙaramar kasuwar Tadawul wadda aka buɗe a 2017, can kuwa sai wanda ya cika sharuɗɗan hukuma ake bari, kuma suna da dalili, a babbar kasuwa farashi ba ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa a rana, a Nomu har kashi 30, ga shi rahoton kuɗi sai duk wata shida maimakon uku. In wani ya ce kawo kuɗin in saya maka da sunana, don Allah kar ka soma.

Rahoton yana shafin Tadawul kyauta, kuma Larabcinka ya fi nawa. Kar ka tsaya a layin riba. Ni da nake aikin akawu a sito kullum ina gani, a kai kaya a rubuta rasit a ce an ci riba alhali ko riyal ɗaya bai shigo ba, sai ƙarshen wata manaja ya riƙe kai yana neman na albashi. To ka nemo bashin da kamfanin ke bin mutane, in yana ƙaruwa fiye da ciniki akwai magana, sannan ka ga tsabar kuɗin da suka shigo hannu. Irin wannan sana'a kuma kakarta Ramadan ce da Zulhajji, sauran watanni haya da albashi ba sa jira, don haka shekara guda za ka gwada da ta baya, ba wata shidan da ya yi kyau kaɗai ba. In lissafinsu ya kai 2020 da korona ta hana alhazan waje zuwa ka ga yadda suka kwana. Kwastomominsu nawa ne ma? In kwangila ɗaya ce ke riƙe da su, ranar da aka ba wani shi ke nan.

Maganar halal na san ba sai na tuna maka ba, ka duba ko kamfanin naƙiyya ne, wato mai tsabta daga riba, ko mai gauraye, ma'aunin da aka fi bi shi ne bashin ruwa kar ya haura kashi 30 na darajar kamfanin, kuɗin haram kar ya wuce kashi 5 na kuɗin shigarsa kuma a fitar da shi sadaka.

Abin da ya fi damuna shi ne fita. Ka kalli hannun jari nawa ake cinikinsa a rana, in kaɗan ne to ranar da kake neman kuɗin sabunta iƙama ba mai saye sai ka karya farashi, tsalle ɗaya ake faɗawa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. Tambayi dattijanmu na nan labarin 2006, a Fabrairu ma'aunin da ke nuna hawa da saukar kasuwar ya haura maki 20,000 kafin shekara ta ƙare ya dawo ƙasa da 8,000, har da waɗanda suka ci bashin banki suka zuba.

Turo mini lambar kamfanin, mai alƙaluma huɗu ɗin nan, ranar Juma'a bayan masallaci in sha Allah zan zauna in duba. Kafin nan kuɗin da ka ware na makarantar yara ka bar su inda suke. A gaida mutanen gida.

Naka,
amininka na Jidda