Kada a matse zanen gida don ya shiga fuloti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in ja hankalin matasan da ke zanen gine-gine da manhajar kwamfuta ta AutoCAD a nan Abuja, kan kuskuren da kan faru wajen ɗora zanen gida a kan taswirar fuloti.

Asalin rikicin ma'auni ne. Safiyo da mita yake aiki, a kan lambobin UTM, wato tsarin nuna wuri a taswirar duniya, inda Abuja ta faɗa shiyya ta 32. Mai zanen gida kuwa da milimita yake zane. Idan aka haɗa su haka nan, gidan zai ninka fulotin sau 1,000. Maganinsa a duba ma'aunin zanen da umarnin UNITS tun farko, ko a rubuta INSUNITS: lamba 4 milimita ce, 6 mita. Sai a rage gidan da umarnin sauya girma, wato SCALE, a kan 0.001. Taswirar safiyo kada a taɓa ta, kada a juya ta, domin da ta motsa lambobin duwatsun iyaka sun tashi daga aiki.

Daga nan sai ALIGN, umarnin daidaita zane a kan wurinsa. A kunna OSNAP da F3 don dannawa ta kama ainihin kusurwa. A zaɓi gidan, a danna kusurwar farko ta layin iyakar da ke cikin zanen, a kai ta kan dutsenta, a yi wa ta biyu haka, a buga Enter. Nan manhajar za ta tambaya ko ta sauya girman abin ya dace da wuraren biyu. To, a nan ake yin ɓarna. Amsar ita ce a'a.

Ga dalili. Fulotin da muke ce wa 100 da 50 da ƙafa aka auna shi, wato mita 30.48 da 15.24, amma da yawa kan zana 30 da 15 don sauƙi. Idan aka amsa e, manhajar za ta buɗa komai da kashi 1.6 cikin ɗari. Ƙofar milimita 900 ta koma 914, ɗakin 3,600 ya koma 3,658. Ido ba zai gani ba, sai birkila ya zo da tef yana cewa, "Oga, lissafin nan bai fita ba." Idan iyaka ba ta hau ba, layin iyakar ake gyarawa bisa awon safiyo, sannan a sake duba tazarar gini da katanga kafin a kai wa sashen ba da izinin gini, wato Development Control.

Inda sauya girma ke da amfani shi ne tsohon zanen da aka shigo da shi a hoto ko PDF. A yi SCALE, a zaɓi Reference, a danna farko da ƙarshen wani bango da aka san tsawonsa, mafi tsawo da aka samu, a rubuta ainihin awon. Amma a gwada wani bangon da ya gitta na farkon, don takardar da ta sha ninki ba ta miƙewa daidai ta kowane ɓangare.

Wajen bugawa ma a kula. Zane a 1:1 ake yin sa, a saita 1:100 a tagar Layout, wato shafin bugawa, a kulle ta. Zanen babbar takarda A1 da aka buga a ƙaramar takarda A3 ya koma 1:200 ke nan, ko da rubutun ƙasansa na cewa 1:100.

Na gode.

Wani mai zanen gine-gine,
Kubwa, Abuja