Na samu ɗaki a gidan waƙafi, ɗana ya ce gidan gajiyayyu ne

Assalamu alaikum Malama. Allah Ya ƙara basira, Ya saka da alheri a kan wannan fili. Ni dattijuwa ce 'yar Kano, shekaruna 69, ina zaune a unguwar Peckham da ke kudancin Landan tun da maigidana ya kawo ni a 1984. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa, Allah Ya jiƙan sa.

Gidan da nake haya a hawa na uku yake, kuma babu lif. Matakala 42 ce, na san adadinta ne don a kowane hawa sai na tsaya na dafa bango na huta. A hunturun bara na yi kwana tara ban sauko ba saboda ciwon gwiwa, har madara sai da maƙwabciya ta sayo mini.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta nuna mini hanyar wasu gidaje da ƙungiyoyin agaji ke riƙe da su. Abin kamar waƙafi yake a wurinmu: wani mai hali ya bar dukiya, wani lokaci tun ɗaruruwan shekaru, aka ɗora amintattu su riƙa zaunar da masu ƙaramin ƙarfi, galibi tsofaffi. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun kai wajen 1,600 a ƙasar nan, mutum kusan 36,000 ke zaune a gidajensu. Na cike takarda, suka yi mini tambayoyi, watan jiya suka ce an samu gurbi.

Na je na gani da idona, Malama. Ɗaki da falo ne a ƙasa, da kicin ɗina, da banɗakina mai ƙarfen dafawa, da mukullina. Akwai igiya ja da ta sauko har kusa da ƙasa, ko faɗuwa mutum ya yi zai iya jan ta a kawo masa ɗauki. Abin da ake tarayya a kai shi ne ɗakin injin wanki, da babban falo, da lambu, da ɗakin baƙi. Ba mai yi maka wanka ko girki, sai wanda ke iya kula da kansa suke ɗauka. Na tarar da wata tsohuwa tana ba tumatirinta ruwa, ta ce idan na zo za ta rage mini gefe. Tun daga ranar nake tunanin ko alayyafo zai yi a wurin.

Da na gaya wa babban ɗana, sai ya yi shiru, can ya ce, "Umma, so kike a ce mun kai ki gidan gajiyayyu?" Ya ce da wane ido zai kalli kawunansa a Kano. So yake na koma wurinsa a Manchesta. Surukata yarinyar kirki ce, ban taɓa ganin aibunta ba, amma ɗaki uku gare su da yara huɗu, kuma su biyun fita aiki suke tun asuba. Zo mu zauna, zo mu saɓa. A nan kuwa likitana, da masallacinmu, da matan da muke karatu tare ran Asabar, da mai shagon da ke ajiye mini daddawa, duk bas ɗaya ce.

Ni ma akwai abin da ke ci mini rai, ban faɗa masa ba don kada ya samu hujja. Wanda aka ba ɗakin ba ɗan haya ba ne a doka. Takardar naɗi ake ba shi, ya riƙa biyan kuɗin kula da gida duk mako, don haka ba shi da cikakkiyar kariyar da ɗan haya ke da ita. A dokarsu kuma ba a yin nesa da gida fiye da kwana 28 a shekara sai da izinin amintattu, ni kuwa duk hunturu nakan yi wata biyu a Kano wurin yayata, wadda ita kaɗai ta rage mini. Jikokina ma in za su kwana sai a ɗakin baƙi, bayan an sanar.

Shin idan uwa ta zaɓi zama ita kaɗai da ƙashin kanta, akwai alhaki a kan ɗanta? Wannan ne ke hana shi barci, na sani, yaro ne mai tsoron Allah. Ta yaya zan fahimtar da shi ba tare da ya ji kamar na raina ɗawainiyarsa ba, ko matarsa ta zaci gudunta nake? Maganar zuwa Kano kuma, in fito musu da ita tun yanzu, ko hakan zai sa su ba wani ɗakin?

Na yi istihara sau biyu, zuciyata tana wurin. Sun ba ni mako biyu in ba da amsa, yau saura kwana goma. Don Allah a taimaka a karanta wasiƙata kafin lokacin, a kuma sakaya sunana.

Wassalam,
Wata uwa daga Landan