Zuwa ga Babana, kan zanen da kake son yi a damtsenka

Tudun Wada, Kaduna

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zaman Abuja? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙannenka duk suna gaishe ka.

Ƙanwarka ta faɗa min abin da kake shirin yi. Kada ka ga laifinta, ni na tsare ta da tambaya sai da ta faɗa. Ta ce kana so a rubuta maka sunan mahaifinku da ranar rasuwarsa a damtse, irin zanen nan na allura da kuke kira tatu, har ma ka samu wanda zai yi maka. Ban kira ka a waya ba don na san halinmu. Ni in ɗaga murya, kai ka ce "to Umma" ka yi shiru, mu rabu kowa da abinsa a ciki. Takarda kuwa ba ta katse mutum, sai ka karanta har ƙarshe.

Na san kewa ce ta kai ka. Ban ɗauke ka yaron banza ba, kuma ban yarda wai abokai ne suka hure maka kunne ba. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa ya huta. Amma ni ce na yi shekaru ina aikin jinya, ni ce kuma na san fatar da ka gado, don haka bari in faɗa maka abin da mai zanen ba zai faɗa ba.

Injin da yake riƙewa allurai ne ƙanana da ke soka fata ɗaruruwan lokuta, wani lokaci dubbai, a cikin minti ɗaya. Suna ratsa fatar sama, wadda take saɓewa ta sabunta kanta, su zuba tawada a shimfiɗa ta biyu, zurfin milimita ɗaya zuwa biyu. Jiki yana ɗaukar tawadar a matsayin baƙuwa, sai ya turo ƙwayoyin garkuwarsa su haɗiye ta. Ba su iya narkar da ita ba, sai su zauna da ita a wurin. Abin da ya sa zanen ba ya fita ke nan. Wani ɓangare na tawadar ma ba ya tsayawa a damtse, yakan bi jiki ya taru a kaluluwar hammata. Wato abin da ake kira ado ɗin nan rauni ne mai faɗi, wanda sai ya yi makonni kafin ya rufe.

To, a nan ne damuwata ta fi yawa. Ɗaga rigarka ka dubi kafaɗarka, inda ka ji ciwo da ka faɗo daga keke kana yaro. Ka ga yadda tabon ya yi tudu, ya yi sheƙi, ya fi asalin ciwon faɗi? Ka tuna kunnen goggonka, yadda hujin ɗan kunne kawai ya zame mata ƙullutu, aka yanke a asibiti ya dawo ya fi na da? Likitoci suna kiran wannan kiloyid. Ya fi kama masu baƙar fata irinmu, yana bin jini a dangi, kuma wuraren da ya fi so su ne ƙirji, kafaɗa, saman baya, kunne da saman damtse. Daidai inda kake so a rubuta sunan. Ba kowa yake samu ba, gaskiya ne, abokinka yana iya yin nasa ya warke sumul. Amma kai jikinka ya riga ya nuna maka halinsa. Kuma kiloyid ba ya jin magani da sauƙi: a yi ta allura a cikin tabon wata bayan wata, ya ɗan lafa, ya koma ƙaiƙayi da zafi. Na ga samari suna zuwa da shi suna rufewa da riga mai dogon hannu a tsakiyar zafin watan Afrilu. Ba na so sunan mahaifinka ya koma kumburin nama da kake jin kunyar a gani.

Sai maganar jini. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma yawancinsu ba su sani ba, don yana iya shekaru bai nuna alama ba. Ƙwayar cutar tana iya rayuwa mako guda a busasshen jini a kan ƙarfe. Za a ce maka ai sabuwar allura ce, a gabanka aka ɓare ta. Madalla. To bakin injin fa? Ɗan kofin da ake tsoma allura cikin tawada fa, an zubar da na wanda ya riga ka? Safar hannun fa? Ruwan da aka sirka tawadar da shi fa? Nau'in B yana da rigakafi, nau'in C ba shi da shi, ga kuma ƙanjamau a gefe. Ko babu waɗannan, ƙwayoyin cuta na yau da kullum sun isa su sa wurin ya ruɓe ya yi mugunya.

Ita kanta tawadar, ƙasashen Tarayyar Turai sun hana amfani da dubban sinadarai a cikinta tun watan Janairun 2022, saboda wasu na jawo borin jini, wasu ana zargin su da haddasa daji. Can ke nan, inda ake bincike. Kwalbar da ke kan teburin mai zanenka, wa ya duba abin da ke cikinta? Jan launi ya fi kowanne yin suna wajen sa ƙaiƙayi da kumburi, wani sai bayan shekaru yake tasowa.

Ƙanwarka ta ce ka ce in ka gaji da shi sai a goge, yanzu akwai na'ura. Akwai, ana ce mata leza. Haske take harbawa ya farfasa tawadar ta yi ƙanana yadda jiki zai iya kwashewa a hankali. Ba zama ɗaya ba ne. Sau da yawa sai an yi zama shida zuwa goma ko fiye, tsakanin kowane zama da na gaba makonni shida zuwa takwas, ka ga ana iya tafiya shekara ko fiye ke nan, kowane zama da kuɗinsa da zafinsa. Kuɗin gogewa yakan ninka na zanawa sau da yawa. Baƙar tawada ta fi saurin fita, kore da rawaya sun fi taurin kai. Ga wani abin da ya shafe mu musamman: hasken ba ya bambance tawada da launin fatarmu sosai, don haka a hannun wanda bai ƙware ba, ko da na'urar da ba ta dace da baƙar fata ba, sai ya ƙone wurin ko ya bar farin tabo mai siffar zanen. Masu yankewa su ɗinke kuma tabo suke bari, kai kuwa ka san abin da tabo yake zama a jikinka. Mayukan da ake tallatawa a Facebook wai suna goge tatu, ka rabu da su. Ba sa kaiwa inda tawadar take, waɗanda suka kai kuwa ƙona fata suke yi.

Akwai kuma zaman duniya, ba zan ja ta da tsawo ba don ka fi ni sani. Ka taɓa min maganar neman aikin soja na masu digiri. Sojoji suna sa rashin zane a jiki cikin sharuɗɗan ɗauka, kuma tuɓe mutum ake yi a duba. Ka san yadda matasa suka koka a zanga-zangar Oktoban 2020 cewa ana tare su a hanya saboda zane ko gashi kawai. Ba daidai ba ne, amma haka hanyar take, kuma kai kullum kana kanta. Ranar da za mu je nema maka aure ma, mutanen gidan za su yi bincike.

Addini kuwa ba sai na yi maka wa'azi ba, ka yi Islamiyya. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, an la'anci mai yin zanen da wadda ake yi wa, malamai kuma sun ce hukuncin ya haɗa da maza. Wanda ya riga ya yi, ƙofar tuba a buɗe take, ba na raina kowa a kan haka. Amma kai ba ka yi ba tukuna, da saninka za ka shiga.

Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne wannan. Ka san billen da ke kumatun mahaifinka. Yana jariri wanzami ya yi masa, ba a tambaye shi ba. Ranar sunanka kakarka ta so a yi maka irinsa, don a san jinin gidan ne. Wanzami ya riga ya shimfiɗa kayansa. Mahaifinka ya ce aski kawai za a yi, aska ba za ta tsaga fatar ɗansa ba. Sai da suka yi kwanaki tana fushi da shi, mutumin da bai taɓa musa mata ba. Daga baya ne ma, a 2003, dokar kare haƙƙin yara ta hana yi wa yaro tsaga ko zane. Shi bai jira doka ba. Mutumin da ya ɓata da mahaifiyarsa don a bar maka fatarka yadda Allah Ya yi ta, shi ne kake so ka tuna da shi da allura?

Ka girma, Babana, ba zan iya riƙe maka hannu daga Kaduna ba. Abin da nake roƙo shi ne kada ka je wurin mai zanen nan sai mun zauna. Ka hau jirgin ƙasa ranar Juma'a in an tashi aiki, ƙaninka zai ɗauko ka a Rigasa. Asabar da safe zan kai ka a gwada jininka, in ba ka da ciwon hantar a fara maka rigakafi, allura uku ce cikin wata shida, wannan ko da zane ko babu ya kamata ka yi. In kana so likitan fata ya dubi kafaɗar taka ya faɗa maka da bakinsa, sai mu je.

Kuɗin da ka tara kuma ka zo da su. Famfon masallacin layinmu, inda mahaifinka yake salla kafin ya rasu, ya lalace tun kafin azumi, tsofaffi da buta suke zuwa daga gida. Liman ya ce an samu mai gyara, kuɗin ne ba su cika ba.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare min kai.

Mahaifiyarka