Kun yanke karatu tara, kun bar mana waƙa zalla

Malam Edita,

Shirin da gidan rediyonku ya sa a jajiberin Kirsimeti ya ɓata mini rai. Kun ce za ku kawo sujadar karatu tara da waƙoƙi ta Kwalejin King's da ke Kambirij a Ingila, sai kuka tsame karatun duka, kuka jera waƙoƙin kamar faifan biki. To ina sujadar?

Ai kowace waƙa amsa ce ga karatun da ya gabace ta. Ana farawa da littafin Farawa sura 3 a Littafi Mai Tsarki, faɗuwar Adamu, kuma yaro ɗan ƙungiyar mawaƙa ne yake karantawa. Daga nan a bi ta Ishaya, Luka da Matiyu, masu karatu suna hawa bisa girman matsayi, har shugaban kwalejin ya rufe da Yohanna sura 1. Tun 1918 Eric Milner-White, limamin kwalejin, ya kawo wannan tsari King's, kuma tun 1880 ake yinsa a garin Truro na Ingila. Ku kuwa kun rushe shi cikin minti talatin.

Abin da ya fi ciwo shi ne buɗewar. Baitin farko na waƙar buɗewa yaro ɗaya ne yake rera shi, ba kiɗa, daga can ƙarshen majami'ar ta yamma, shi ya sa muryar take fitowa siririya daga nesa. Haka aka so ta. Mai kula da sautinku ya zaci matsala ce, ya murɗa ƙara har ƙurya, mai gabatarwa kuma yana ta surutu a kai. Da kiɗan ogan (babban kayan kiɗan majami'a) da muryoyin jama'a suka shigo, sai sautin ya fashe. A daidaita ƙara da baitin ƙarshe, inda yara 16 suke hawa sama da kowa, a bar ta nan, kada a sake taɓawa. Ginin dutse ne, amo yana daɗewa kafin ya mutu, don haka a jira ya lafa kafin a sako talla.

Ƙarfe 3 na yamma ake farawa a can, wato 4 agogon Najeriya. Me ya hana ku kawo ta cikakkiya?

 

Naku,
Mai sauraro daga Wusasa, Zariya