Zuwa ga aminina, daga Jidda

Mutumina assalamu alaikum,

Ya gida ya yara, ya jikin Hajiya, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ka gaishe min da ita da kyau, ka ce ɗanta na Jidda yana neman addu'a. Mu nan lafiya lau sai zafi da gumin nan na bakin teku, ka yi wanka kafin ka gama sa riga ka sake jiƙewa sharkaf.

Saƙon muryar nan naka na saurare shi ya fi sau uku, ina bayan shago ni kaɗai ina ta ƙyalƙyala dariya har ɗan Sudan ɗin da muke aiki tare ya leƙo ya ga ko lafiya. Wai ni da ko kududdufin bayan layinmu ban taɓa shiga ba saboda tsoron bulalar Baba, yau ni ne ɗan nutso a Bahar Maliya. To ai ba ƙarya ka yi ba. Amma da ka ce sana'a ce da ba ta da rana in an baro bakin ruwa, nan ne fa ban yarda ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka a tsanake.

Da farko ka cire a ranka cewa kullum ina ƙarƙashin ruwa ina wasa da kifi. Shagon a Abhur yake, can arewa da gari, kuma yawancin aikina a tudu ne, in cika tukwanen iska, in ɗauraye kaya da ruwan daɗi in an dawo daga jirgi don gishirin tekun nan ba ya barin ƙarfe lafiya, in kwance ragileta, wato na'urar da ke rage ƙarfin iskar tukunya kafin mai nutso ya shaƙa, in gyara in mayar. Tukunyar da aka fi amfani da ita ta alminiyom ce, cikinta lita 11 ne kawai, amma ana danna mata iska har ma'auni ya nuna bar 200, tayar motarka kuwa ko 3 ba ta kaiwa. Kuma duk wannan ƙarfin abin da ke tare shi a bakin tukunya wani ɗan zoben roba ne da bai fi zoben ƙaramin yatsa ba. Ya ɗan tsage ko ƙwayar yashi ɗaya ta hau kansa, sai ka ji tsssss, tafiya ta fasu. Shekaru ina fama da zoben nan har kunnena ya lalace, duk gidan da na shiga yoyo nake saurare, ko a masallaci wajen alwala na ji famfo yana ɗiga sai hankalina ya rabu biyu, Allah ya yafe mana.

To ashe zoben nan ko'ina yana nan. Cikin famfo, cikin tiyon banɗaki, murfin filas, tukunyar matsi ta maman yara, ragiletar gas. Larabawa jilda suke ce masa. Kwanaki famfon kicin ya dame mu da ɗiga, mai gyaran famfo ya zo ya kalla daga nesa ko taɓawa bai yi ba ya ce sai an canza gaba ɗaya, na ce to Allah ya kai mu. Yana fita na kwance, jilda ce ta bushe ta daddare, na ɗauko irinta a akwatina na shafa mata ɗan giris ɗin silikon na mayar, yau wata nawa ko ɗigo. Kuma dan Allah ka gaya wa mutanen gida su daina shafa wa roba basilin ko man juye, da farko za ka ga kamar ya yi, a hankali yake kumbura ta ya cinye ta. Haka ruwan khal, rabi shi rabi ruwa, da shi muke jiƙa ƙarafan ragileta su saki tsatsar nan mai kore-kore, shi nake jiƙa kan shawa in ya toshe da butar shayi ta lantarki, sai dai ba a barin abu ya kwana a ciki don yana cin ƙyallin ƙarfe.

Na gas ɗin ma shi ya fi ba ni tsoro. Wani maƙwabcinmu, dattijo ne mutumin Damagaram, iyalinsa suka ce suna jin warin gas, na shiga na same shi tsugune gaban tukunya da ashana a hannu wai zai bi tiyo da wuta ya ga inda zai kama. Wallahi ban san lokacin da na riƙe hannunsa ba, na ce Baba don girman Allah ajiye. Aka buɗe taga aka kawo min ruwan sabulu a kofi, na bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya ina shafa kumfa kamar yadda muke yi a shago, muna zuwa wuyan tukunya sai ga ƙwai-ƙwai suna tasowa. Jilda ce nan ma. Abin da zai ba ka mamaki ragiletar nutso da ta gas dangin juna ne na haƙiƙa, don wadda Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya fara nutso da ita a 1943, injiniyan da suka yi ta tare mai suna Émile Gagnan asali ya ƙera ta ne don motoci su yi tafiya da gas lokacin da fetur ya yi wuya a yaƙin duniya na biyu. Abokin aikina ɗan Sudan kuwa in aka ambaci Cousteau ba a zaman lafiya, sai ya ba ka labarin gidajen da ya kafa a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi kusa da Fot Sudan a 1963, mutane suka yi wata guda a ciki, na ji labarin nan ya fi sau ɗari.

Amma babban labarin shi ne na hazzan. Ka san nan ruwan teku ake tacewa a sha, kuma kusan kowane gida akwai ƙaton tanki a ƙarƙashin ƙasa, shi ne hazzan, daga nan dinamo ke tura ruwa zuwa tankin saman bene. In ruwan famfo ya yi jinkiri sai a sayo na tankar da ake ce wa wayit. To ranar wata Alhamis an yi karo-karo an sayo wayit da safe an cika hazzan taf, da la'asar dinamo yana ta kuka amma ko ɗigo ba ya hawa sama, gida shida babu ruwa, mata sun fara fitowa da bokitai ana ta cece-kuce a matakala. Mai gyara ya ce matsalar a bakin bututun da ke can ƙasa take, sai an kwashe ruwan duka an zubar ya shiga. Ruwan da muka saya da kuɗinmu ɗazu-ɗazun nan fa! Na ce ku ba ni awa ɗaya.

Na roƙi mai shago aron kaya, na dawo na wanke su tas ni ma na yi wanka, don ruwa ne da mutane ke girki da alwala da shi. Na kashe wutar dinamo daga babban makunni da hannuna, na sa yaro ya tsaya a wurin kar wani ya zo ya kunna, na ɗaura igiya a ƙugu na ba dattijon nan na Damagaram da ɗansa su riƙe, na ce in na ja sau uku ku jawo ni ko me ake ciki. Bakin hazzan ɗin ƙanƙane ne, tukunya ba ta wucewa a bayana, dole na fara shiga aka miƙo min ita. Mutumina na shiga teku mita 20 da wani abu ban ji abin da na ji a ramin nan da bai kai mita 3 ba. Duhu ne ƙirin, ruwan sanyi ƙalau, ba ka jin komai sai numfashinka, tocila na haskawa sai laka ta tashi ta rufe min ido. Da lalube na bi bututun har ƙasa, hannuna ya taɓa wani abu mai santsi ya naɗe bakin, na ja na ja da ƙyar ya fita, ashe ledar burodi ce dinamo ya zuƙe ta toshe ragar. Tun da na riga na shiga na ɗan zaga, na fito da cokali biyu, takalmin yaro ƙafa ɗaya, da wata motar wasa. Ina ɗago kai da gilashi a fuska da tiyo a baki wata tsohuwa ta saki salati ta yi baya, jikokinta har yau in sun gan ni sai su ce ga aljanin ruwa nan. Aka kunna dinamo ruwa ya hau, mata suka yi ta sa albarka. Mai gidan da na ce masa hazzan ɗin nan yana neman wanki da sabon murfi, faranti ɗaya na kabsa, shinkafar nan tasu da nama, ya aiko min, haya kuwa ko riyal bai rage ba, murfin ma har yau yana nan yadda yake.

Daga ranar na zama injiniyan unguwa ba albashi. Na saman bene ya zo wai me ya sa ruwansa ba ƙarfi na ƙasa kuwa kamar zai fasa tiyo, na ce lissafin nutso ne, duk mita 10 na ruwa bar ɗaya ne, kai tanki yana dab da kanka ina za ka samu ƙarfi. Akwai wata tsohuwar tukunya da nake ajiyewa a gida, da ita nake hure ƙurar na'urar sanyaya ɗaki in kuma ƙara wa taya iska, amma ta bayan ragileta fa, wadda ke sauko da ƙarfin zuwa wajen bar 10, ba kai tsaye ba. Maman yara ba ta ƙaunar ganinta, bam take ce mata, ta sa na fitar da ita daga ɗaki na kwantar a lungu inda rana ba ta bugu. Ita da ta ce haka kuma duk ta kwashe min gam ɗin rigar nutso tana liƙe takalman makarantar yara.

Sai maganar da ka yi cewa in samo maka tsofaffin kaya ka ba yaran da ke yasar rijiya, a riƙa cika tukunyar wajen mai faci. Wannan kam ka yi haƙuri ba zan aiko ba, ko za ka yi fushi. Iskar injin mai faci akwai mai da hayaƙi a ciki, ba ta shaƙa ba ce, namu kwamfuresan matatai gare shi da ake canzawa a kan ƙa'ida, kuma ma injin faci ba zai iya cika ta ba. Tukunyar kanta duk shekara ana leƙa cikinta, duk shekara 5 a gwada ta da matsin ruwa, wa zai yi maka wannan a can? Abin da ya fi wannan, wanda ya shaƙi iskar tukunya a ƙasa ya firgita ya riƙe numfashi ya taso, iskar buɗewa take a ƙirjinsa, daga mita 10 ninki biyu take zama, kuma ko a ruwan da bai fi tsayin mutum ba tana iya yaga huhu. Abu na farko da ake koya mana kenan, kar ka taɓa riƙe numfashi. Yaran nan in kana son taimakonsu ka hana su sauka da injin jan ruwa mai fetur cikin rami, hayaƙinsa ne ke kashe mutane shiru, kuma kar wanda ya shiga ba igiya ba mutum a sama.

Abin da zan aiko maka dai akwatin jilda ne mai girma daban-daban da ɗan kwalin giris, akwai masu Umra da za su koma bayan sati biyu zan ba su. Kafin nan ka kwance famfon tsakar gidan nan naku da ke ɗiga tun ina gida, nasan har yanzu da tsumma kuka ɗaure shi, ka ɗauko min hoton robar kusa da naira ɗaya ta ƙarfe in ga girmanta. Ka gaida su malam da duk 'yan majalisa, ka ce kilishin da suka yi alkawari har yau ina jira.

Naka,
amininka na Jidda