Daga Ɗaukaka Zuwa Kafur: Kalma Guda, Ma'ana Biyu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana kan wata kalmar Faransanci da ta daɗe tana rikita ɗalibaina a nan Maradi, wato sublime. A ajin adabi ana gaya musu cewa tana nufin abu mai girma da kwarjini, wanda ke cika zuciya da mamaki haɗe da tsoro, kamar hadarin Agusta idan ya haɗo daga gabas ya rufe gari. Da sun shigo ajina na kimiyya kuma, sai in ce musu sublimation ita ce daskararren abu ya zama tururi ba tare da ya narke ba. Wata yarinya ta taɓa tambayata, Malam, ko masu ƙamus ne suka yi kuskure?

Babu kuskure. Tushen kalmar Latin ne, sublimis, abin da aka ɗaga sama. Ta yi ƙarfi a adabin Faransa bayan marubucin Faransa Boileau ya fassara wani tsohon littafin Girkanci kan maɗaukakin zance a 1674, kuma da ita Turawa suka riƙa kiran fadar sarakunan Turkiyya, Sublime Porte, wato Ƙofa Maɗaukakiya. Masana haɗa magunguna na dā kuwa, idan suka ɗumama wani sinadari suka ga ya tashi ya manne a saman tukunya, sai su ce an ɗaga shi, daga nan sublimation ta samo suna. Larabawa ma tas'id suka kira aikin, wato hawarwa. Abin da ya fi burge ni shi ne Hausa ta bi wannan hanya da kanta, domin ɗaukaka daga ɗauka ta fito.

Misalin sublimation kuwa yana cikin adakar kowace uwa. Ƙwayar kafur da aka ajiye tsakanin zannuwa tana ƙanƙancewa wata bayan wata har ta ɓace, ba ta jiƙa ko zare ɗaya ba, sai ƙanshinta da ya kama tufafin. Ranar da na kawo kafur aji, babu yaron da ya sake tambaya.

Tun da dokar 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, nauyi ya hau kanmu malamai mu samar da kalmomin kimiyya da yaro zai gane tun daga gida. Shawarata ga masu tsara littattafan makaranta ita ce a kira sublimation tashin kafur, kuma zan so in ji ra'ayin malaman Zinder da Katsina a kai.

Naku,
Malamin kimiyya, Maradi